Shari'ar Wari a Gaban Na'urar Rana

Ba wanda ya san ranar da warin ya shigo gidan hayar nan. An dai wayi gari an same shi a tsakar gida ya miƙe ƙafa, kamar shi ma ya kama ɗaki. Da safe sai ya yi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, idan rana ta take ya koma kamar tsohon takalmin da ya kwana a ruwa. Kowa ya fito sai ya toshe hanci ya harari ƙofar maƙwabcinsa.

Baba mai gida, wanda ke zaune a saman bene shi da tantabarunsa, ya leƙo ta baranda ya yanke hukunci a taƙaice: duk wanda aka samu warin nan daga ɗakinsa yake fitowa, ya tattara nasa ya nasa ya nemi wani gidan.

Nan take idanu suka koma ƙofar yamma. Ɗakin Na-iya ke nan, ɗaki mai taga biyu, ga famfo a bakin ƙofa, duk gidan babu kamarsa. Matarsa kuwa, Maman 'yan biyu, sabulun ruwa take haɗawa tana sayarwa, bayan ƙofarta cike da jarkoki da robobi.

Mai fenti, wanda ɗakinsa ke gabas kuma ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan ɗakin nan, ya ce, "Ni dai ban kama suna ba. Amma tun da nake, ban taɓa jin fenti ya yi warin ƙwai ba."

Tela, maƙwabciyarsa, ta ce, "Zare ma haka."

Maman 'yan biyu ta ja mijinta ciki ta rufe ƙofa. "Ka ji ko? Ɗakinmu suke so. Ka hau ka ba Baba haƙuri tun kafin a yi waje da mu."

Na-iya ya yi dariya har da dukan cinya. "Haƙuri? Ni? Mace, kin san wanda kike aure kuwa?"

Ta sani sarai. Ba a banza unguwa ta manta sunansa na yanka ba. Ba a taɓa cewa "wa ya iya" ya bari wani ya riga shi miƙewa ba. Shi ya gyara wa Tela fanka, tun daga ranar take juyawa da baya tana zuƙe iskar ɗaki. A unguwa cewa yake shi injiniyan rana ne a cibiyar bincike. Gaskiyar magana, aikinsa a cibiyar shi ne ya hau rufin bene da safe ya yaye wa wata na'ura mayafi, ya goge mata madubai da tsumma mai laushi, ya sauko ya kama sharar ofisoshi. Ba ya sake hawa sai washegari, domin maigadi ne ke rufe ta da yamma.

Na'urar akwati ce, da wani kai a samanta mai ɗan wuya kamar na agwagwa. Ranar da aka ɗauke shi aiki Dakta, matar da ke shugabantar binciken, ta tsaya ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ta ce hasken rana kafin ya iso ƙasa sai ya ratsa duk iskar da ke samanmu, kuma kowace irin iskar gas da ke ɓoye a ciki, komai ƙanƙantarta, tana gutsurar wani launi daga hasken. Na'urar tana ware hasken launi-launi, fiye da yadda bakan gizo ke yi, ta duba inda aka yi gutsure, kwamfuta ta faɗi wace iska ce ta yi cizon da kuma yawanta. Ta ce shi kan na'urar ba abin da yake yi sai bin rana daga fitowa zuwa faɗuwa.

A lokacin Na-iya yana can yana gyara gashin bakinsa a madubin na'urar. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne "ta faɗi wanda ya yi". Sauran ya cike da basirarsa. Kullum da safe idan ya yaye mayafin, sai ya ga kan ya juya ya tsura wa gabas ido, a gabas ɗin kuwa akwai dogon bututun wata masana'anta yana aman hayaƙi. To me ya rage? Na'ura ce mai kama mai laifi.

Ranar Asabar da sassafe ya isa cibiyar da baro. Ya ce wa maigadi Dakta ta ce a kai ta wanki.

"Wanki? Na'urar?"

"Kai da ka san aikin, ka zo ka karɓi muƙamina mana."

Maigadi ya buɗe masa ƙofa.

Kafin ya iso gida rabin layin na biye da shi. Ya sauke ta a tsakiyar tsakar gida a kan teburin guga, ya ja waya daga soket ɗin Tela, ya sa farar rigar da ya tsinto a bayan ƙofar ofis, wadda hannuwanta suka wuce yatsunsa. Baba mai gida ya sauko da kujerarsa.

Na-iya ya gyara murya. "Jama'a, wannan da kuke gani ba ta karɓar cin hanci, ba ta da dangi a gidan nan. Daga rana take karɓo labari kai tsaye. Duk wanda ta nuna, shi ne. Amma kafin in kunna, kowa ya yi alkawari a gaban mutane: wanda ta nuna, ba musu, ba roƙo, ba 'ku tsaya in yi bayani'. Kaya waje."

Mai fenti ya ce, "Har da kai?"

"Har da ni. Har da Baba."

Baba ya yi murmushin wanda ya san gidansa ne. "Na yarda."

Maman 'yan biyu ta jawo masa hannun riga. "Baban 'yan biyu, ka tabbata ka san kan abin nan?"

"Ni nake mata wanka kullum. Koma gefe ki sha kallo."

Ya danna maɓalli. Na'ura ta yi ƙugi ƙasa-ƙasa. Kan ya ɗago, ya yi ɗan lilo, ya juya a hankali, ya tsaya cak yana fuskantar saman ƙofar mai fenti.

Gidan ya ɗauki sowa. Na-iya ya yi tsalle ya dire, ya zagaye teburin da rawa.

Mai fenti ya ce, "Ai sama take kallo, ba ƙofata ba!"

"To wari ƙasa yake yi? Sama yake tashi, malam. A makaranta ba a koya maka ba?"

"Kai da ka bar makarantar ta taga?"

"Ta taga na fita, amma da ilimin na fita. Kaya waje!"

'Yan kallo ba su jira an roƙe su ba. Kafin mai fenti ya gama rantsuwa an fito da katifarsa, da tsaninsa, da gwangwanaye. Wani ya yi tuntuɓe da bakin ƙofa, gwangwanin shuɗin fenti ya kife, wata kaza ta bi ta ciki ta fita tana buga tambari a duk inda ta taka. Mai fenti ya zauna a kan katifarsa a bakin titi ya zabga tagumi.

Nan ne fa ya kamata Na-iya ya kashe na'ura ya mayar da ita tun da sauran mutunci. Amma mutane sun taru, har kan katanga an hau, ga mata suna leƙe ta tagogin maƙwabta. Ina zai bar wannan kasuwa? Ya hau kan turmi ya shiga lacca. Ya ce rana tana da launi dubu saba'in, shi da kansa ya ƙirga. Ya ce akwai iskar da idan ta ciji haske sai an yi masa ɗinki. Ya ce Dakta ma idan abin ya cushe mata, shi take kira a waya tana "ranka ya daɗe".

Yana cikin haka wani daga kan katanga ya ce, "Injiniya, kamar fa ta motsa."

Aka waiwaya. Kan ya bar ƙofar mai fenti. Yanzu saman ƙofar Tela yake kallo.

Tela ta dafe ƙirji. "Ni? Ni da wutata take sha?"

Na-iya bai zaci haka ba, amma bakinsa bai saba jiran kansa ba. "Na gaya muku ba ta da dangi. Da ma na yi zargin warin nan haɗin gwiwa ne."

"Haɗin gwiwar uwar wa? Me ke wari a keken ɗinki?"

"Man keke. Da tsummokara. Da baƙin hali."

Mai fenti ya taso daga titi da gudu. "To tun da ta sake ni, in mayar da kayana?"

"Ba sakinka ta yi ba, ta gama da kai ne. Likita idan ya wuce gado na gaba, cewa ya yi ka warke?"

Aka fito da keken ɗinki, mutum huɗu suna nishi. Tela ta bi su tana zabga wa Na-iya kalamai waɗanda ba a rubutawa. Ta kai hannu za ta zare wayar daga soket ɗinta, Baba ya daka mata tsawa ya ce ba a kashe alƙali ana tsakiyar shari'a. Shi abin ya fara yi masa daɗi. Har ya aika a sauko masa da lema.

Sai ga wani guntun girgije ya zo ya rufe rana.

Na'ura ta rasa abin da take bi, ta shiga nema. Kan ya yi dama, ya yi hagu, ya sunkuya, ya ɗago, ya zagaya kamar uwar da ɗanta ya ɓace a kasuwa. Wani ya ƙwala ihu, "Ta haukace, kowa take nunawa!" Tsakar gida ta hargitse. Masu kallo suka zube ƙasa rub da ciki. Wata mata ta faɗa bayan durom ɗin ruwa ta bar takalmi ɗaya. Na kan katanga suka dira ta baya, aka ji ƙarar kwanon wani yana amsawa. Wani dattijo da ko gidan ba ya zaune ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "Wallahi wucewa nake yi, ni ko albasa ba na ci!"

Na-iya da kansa sai da ya tsinci kansa a ƙarƙashin teburin guga. Da girgijen ya wuce, na'ura ta natsu, ya fito yana kakkaɓe riga.

"Wannan shi ake kira binciken gama-gari. Duk wanda ya gudu, na gan shi."

Kowa ya ɗaga kai. Rana ta take tsaka, kan na'urar ya miƙe sama, ya tsura wa barandar Baba mai gida ido.

Tela ta rangaɗa guɗa daga bakin titi. Mai fenti ya naɗe hannun riga. "Jama'a, a hau bene! Ni zan ɗauko gadon."

Baba ya miƙe da lema a hannu. "Kai Na-iya! Ni za a kora daga gidan da na gina?"

"Baba, ai kai ka ce ka yarda," in ji mai fenti.

Na-iya ya matso kusa da na'urar. Ya kanne ido ɗaya, ya sa babban yatsa a gaban hanci kamar mai awon fili, ya bi saitin kan har sama. "Ku dakata! Ba Baba ta nuna ba. Ta wuce Baba da kamu ɗaya. Akurkin tantabaru ta nuna."

Baba ya dubi akurkin, ya dubi matasan da suka riga suka kai tsakiyar matakala. Tantabarun nan ya fi son su da wasu 'ya'yansa, amma gado gado ne. "Da ma ni ma na ɗan fara zarginsu."

Aka buɗe akurki aka kaɗa su da tsintsiya. Suka tashi fir, suka yi kewaye biyu a saman gidan, suka yi wa taron sallama irin tasu. Farar rigar Na-iya ta samu rabo mafi tsoka.

Maman 'yan biyu ba ta yi dariya ba. Tun ɗazu take tsaye a bakin famfo tana kallon kan na'urar, tana kallon inuwar teburin. Ta matso ta yi masa raɗa.

"Gabas, sannan sama. Kai, ina rana take zuwa bayan nan?"

"Mace, ana maganar kimiyya kina maganar rana."

"Kashe ta."

Ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya ga wuyan agwagwar ya fara karkata, a hankali, kamar mai jin kunyar abin da zai faɗa. Yamma ya nufa. A yamma kuwa ƙofa ɗaya ce.

"To jama'a, Alhamdu lillahi, an gama! Na'ura ta gaji, injinta ya yi zafi."

Ya kai hannu ga maɓalli, mai fenti ya cafke shi. Tela ta zauna daram a gaban soket ta harɗe hannuwa. Baba, wanda har yanzu yake kallon inda tantabarunsa suka ɓace, ya ce, "Ba a kashe alƙali ana tsakiyar shari'a."

Aka zauna jira. Na-iya bai taɓa ganin rana mai sauri irin ta ranar nan ba. Ya ce teburin ya karkace, bari ya gyara, ya juya shi gaba ɗaya ya mayar da kan gabas. Na'ura ta yi ɗan ƙugi ta dawo da kanta inda yake. Ya sake juyawa, ta sake dawowa. Ya buɗe lemar Baba a kanta wai kada ta yi zazzaɓi, ta shiga waige-waige, mutane suka fara zubewa ƙasa, aka ƙwace lemar. Ya ce lokacin salla ya yi, aka ce an yi tun ɗazu, shi ne bai yi ba.

Da kan ya daidaita sosai da ɗaki mai taga biyu, Na-iya ya yi abin da ya rage masa. Ya janyo turmi ya haye, ya tsaya tsakanin na'ura da ƙofarsa, ya baje hannuwa, dogayen hannun riga suna reto, ya kare ɗakin da ƙirjinsa. Kan na'urar ya ɗan yi rawa, ya tsaya yana kallon tsakiyar cikinsa.

Maman 'yan biyu ta tafa hannu da ƙarfi. "Jama'a ku zama shaida! Wa ta nuna?"

Aka haɗa baki, "Na-iya!"

"Ɗakin ta nuna, ko mutumin?"

Mai fenti ya fara, "Ai ɗakin ne a bayan..."

"Ɗazu da ta wuce Baba da kamu ɗaya, tantabaru aka kora ko Baba? Abin da ta kalla shi ake kora. Ni da jarkokina ko kallo ba mu ishe ta ba. Ko ba haka ba, Baba?"

Baba ya ga idan ya ce ba haka ba, maganar gadonsa za ta dawo. "Haka ne, 'yata."

Na-iya daga kan turmi ya ce, "Maman 'yan biyu, ni ne fa. Mijinki."

"Na gane ka. Ba musu, ba roƙo, ba 'ku tsaya in yi bayani'. Wa ya faɗa?"

Daidai nan mota ta tsaya a ƙofar gida. Dakta ta shigo da sauri, maigadi na biye da ita yana nuna Na-iya da baki. Ta ratsa katifa da keken ɗinki da sawun kaza shuɗi, ta tsaya a gaban na'urarta, ta ga kashin tantabara a gefen madubi. Sai da ta rufe ido ta buɗe.

"Me ake yi da ita a nan?"

Mutum goma suka ba ta labari a lokaci ɗaya. Da ta fahimta, ta ɗaga hannu ta ce, "Bayin Allah, wannan rana kawai take..."

Maman 'yan biyu ta riƙe mata hannu. "Ranki ya daɗe, ki ɗan sha ruwa tukuna. Baba, a ƙarasa hukunci."

Baba ya ce, "Ɗaki na matar ne. Shi ya fita."

"To yanzu yi bayaninki, ranki ya daɗe."

Dakta ta yi. Ta ce rana kawai kan yake bi, ko a maƙabarta aka ajiye shi haka zai yi. Ta ce iskar da take aunawa ta sararin sama ce gaba ɗaya, daga nan har inda iska ta ƙare, kuma ba kwamfuta a haɗe ma, yinin nan kaf ba abin da ta auna. Sannan ta ɗan ja hanci ta yamutsa fuska. "Wannan kuwa ai ba sai da na'ura ba. Kwatarku ce ta toshe."

Duk gidan aka juya ga mai kwata. Baba ya kama tari. Da ya lafa ya ce mai fenti da Tela su mayar da kayansu, za a duba maganar kwata, Allah ya huci zuciyar kowa.

Na-iya ya sauko daga turmi da fara'arsa. "To ka ga, Baba, tun da ƙarya ta yi, ni ma..."

"Sau uku ta yi ƙarya, na yarda. Na huɗun nan gaskiya ta faɗa. Ranar da tantabaruna suka dawo cif, ka zo mu yi magana."

Maman 'yan biyu ta shiga ɗakinta mai taga biyu ta fito da tabarma da matashi ɗaya, ta ɗora a kan baro, ta gyara musu zama. "Abincinka zan riƙa aiko maka. Ka riƙa wanke kwanon."

Dakta ta ce na'urar ba za ta shiga mota ba sai da akwatin da ake ɗaukarta a ciki, yadda ya kawo ta haka zai mayar, kuma idan ya faɗa rami ɗaya kada ya zo ranar Litinin. Ya ɗora na'urar a baro, ya kama ya tura. Motar Dakta tana binsa a baya a hankali, rabin layin suna bin motar.

A bakin kwana mai aski ya leƙo daga shagonsa, almakashi a hannu. "Injiniya, ina zuwa haka da tabarma?"

Na-iya ya tsaya ya share gumi da dogon hannun riga, ya nuna motar da haɓa.

"Ƙarin girma aka yi min. Ba ka ga har da rakiya ba?"

Dakta ta danna ham.